Abin da Na Ƙara wa Yatsun Hamidu

Ranar sadakar arba'in ɗin ƙanena Hamidu, ke Safiya kin same ni a zaure ina naɗe tabarmi, kinka tambaye ni abin da ya sa mutanen kasuwa suke ta cewa "Allah ya jiƙan Otomatik". Na ce miki sunan wasa ne na samartaka, na aike ki ɗauko buta don kada ki ƙara tambaya. To, ƙarya na yi miki. Ba ita ce ta fari ba a kan maganar nan, amma ina so ta zama ta ƙarshe, shi ya sa na zauna ina rubuta muku, ke da 'yan'uwanki da ɗiyan Hamidu duka. Ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. In kun yanke kuma, ba zan ce kun zalunce ni ba.

Ku ba ku tarar da kakanku ba. Shinkafa da hatsi yake sayarwa a kasuwar Malanville, kuma ba a taɓa auna tiya a rumfarsa an tashi ba tare da ya damƙi gyara ya zuba a kai ba. Da wannan munka tashi, mun ɗauka duk mai son mutum sai ya ƙara masa a kan abin da ya nema. Ni anka sa lakwal, makarantar boko ke nan, na tafi Parakou na koyi aikin ordinatar, wato kwamfuta, na dawo na buɗe siber, shagon da ake biya a hau intanet, mai inji takwas a bayan rumfunan albasa. Hamidu, wanda na girme da shekara tara, ya ce shi ba zai iya zama wuri ɗaya ba, ya zama direban kamyo, babbar motar kaya, yana kai albasa Kwatano. Mutum ne mai surutu da cika baki, in ya shigo gida tun daga ƙofa ake sanin ya dawo. Wata rana a kusa da Guéné taya ta fashe masa, ya shiga ƙarƙashin mota, ƙarfen da ya ɗaga ta ya zame. Allah ya bar masa ransa, amma hannunsa na dama ya dawo daga asibiti da babban yatsa da ƙarami kawai. Uku na tsakiya sun tafi.

Shekara guda Hamidu bai fitar da hannun nan daga aljihun riga ba. Ya daina cin abinci a kwano ɗaya da mu, sai a kai masa ɗaki. In an miƙo masa hannu a masallaci sai ya ba da tsintsiyar hannu ya kau da kai. Gidan da ake jin muryarsa har titi ya yi tsit. Innarmu ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, Babba take ce min, kuma ba ta iya zagaye-zagaye a magana.

"Babba, ɗan'uwanka shina mutuwa zaune, kai kana can kana kallon gilashi. Mi amfanin karatun naka?"

Na ce, "Inna, mi zan yi mishi? Ni ba likita ba ne."

"Ka tahi da shi shagon, ko kujera shi ɗuma maka."

Haka Hamidu ya fara zuwa siber. A lokacin akwai wani wasan harbi da ya kama garin, mutum biyar su kara da mutum biyar, kowa a gaban injinsa. Kada ku ɗauka wasan yara ne. Teloli ne da direbobi da masu shaguna, magidanta masu gemu, kuma babbar gaba tsakaninmu ce da mutanen Gaya da ke ƙetaren gada, su suna can muna nan ana karawa ta intanet. Kafin hatsarin Hamidu yana cikin gwanayen, in ya sauke kaya nan yake yini. Yanzu sai ya zauna a bayansu yana kallo, in wani ya yi wauta sai ka ga kafaɗarsa ta motsa. Wasan hannu biyu yake so: hagu a kan kilabiye, allon maɓallai, tana tafiyar da mutum, dama a kan suri, ɗan linzamin da ake turawa a kan teburi, tana saiti tana harbi. Tafinsa zai iya tura suri, amma yatsun da za su latsa babu. Wata rana da hantsi, ba kowa a shagon, ya ce min ba tare da ya dube ni ba:

"Yaya, an ce ana iya koya ma inji shi latsa ma mutum."

Na ce ana iyawa. 'Yan layukan umarni ne ake rubutawa, mu muna ce musu sikirif, sai maɓalli ɗaya na hagu ya yi aikin da yatsan dama yake yi.

"To ka maido min yatsuna ukku. Ukku hwa, Yaya. Kar ka ƙara min ko rabin ɗaya. In na ci ni na ci, in anka cinye ni ni anka cinye."

Na ce na ji. Wallahi na ce na ji, har da dafa ƙirji.

Rubuta sikirif ɗin bai ci min rabin awa ba. Shigar da shi cikin wasan ne ya ci min sati uku. Mutanen kamfanin wasan sun dasa wani abu a cikinsa da muke kira mai gadi, aikinsa kama masu magudi, abin da samari ke cewa tirish. Ranar farko da na kunna, wasan ma ƙin buɗewa ya yi, ya rubuto min da Faransanci cewa in rufe baƙon abin da ke gudana. Na sauya masa suna, ya gane shi. Na ɓoye shi a wani wuri, ya bar ni na shiga, bayan minti biyu ya koro ni waje. Kai, abin nan ya taɓa min zuciya! Ni da duk garin nan ake kawo wa inji in ya ƙi, wani abu da ba shi da ido zai tsare min ƙofa? Kullum bayan azahar, in zafi ya kori mutane, sai in zauna muna kokawa da shi, fanka na kaɗa iska mai zafi, warin albasa na shigowa ta taga. Daga baya na ji ashe akwai inda ake rubuta musu a ce ga mai lalurar hannu, a nemi izini. Ban nema ba, ban ma yi tunanin nema ba. Tun a nan ya kamata in gane cewa aikin ya tashi daga na Hamidu ya koma nawa. A ƙarshe na fitar da umarnin daga cikin ordinatar gaba ɗaya, na zuba shi a wani ɗan akwati kamar kwalin ashana da ke rataye a igiyar kilabiye, yadda mai gadin zai ɗauka yatsan mutum ne yake latsawa. Wasan ya buɗe, ya zauna daram. Na yi ta zagaya shagon ni kaɗai ina tafi kamar wanda anka yi wa albishir.

Hamidu bai ɓoye akwatin ba. Ranar da ya fara zama ya ɗaga shi ya nuna wa kowa, ya kuma faɗa wa mutanen Gaya ta abin maganar da ake jin juna da shi a wasan: ga yatsuna uku sun dawo cikin kwali, wanda bai yarda ba ya faɗa yanzu. Babu wanda ya ƙi. Sai dai yatsu sun dawo, gwaninta ba ta dawo ba. Bindigar wasan tana zabura sama in an harba, mai wasa ne ke danne ta da hannu a hankali, shi kuma tafinsa ba ya iya wannan lallashin. Duk harbinsa sai ya tashi sama. Babban abokinsa a wancan ɓangaren shi ne Musa, wani tela a Gaya, tare sunka yi ƙuruciya a bakin kogi. Musa ba ya raga masa.

"Hamidu, balbela kake harbi? Mu muna ƙasa, malam, sauko!"

Shago ya kwashe da dariya. Hamidu ma ya yi dariya har da buga teburi, ya ce, "Tsaya nan, ɗan ɗinki, sai na ɗinke maka baki." Ni kuwa da nake bayansa ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi. Na ce a raina ana yi wa ƙanena dariya saboda hannunsa. Sai bayan shekaru na gane cewa wannan ce dariyarsa ta farko tun hatsarin, kuma abin da ya ba shi ita shi ne Musa bai tausaya masa ba. Kowa a wurin ya ga mutum ya dawo cikin tsaransa. Ni kaɗai na ga abin tausayi.

Washegari da Hamidu ya tafi sallar la'asar na ciro akwatin na ƙara layi bakwai. Aikinsu ɗaya ne: in ya harba, su danne masa bindigar, kaɗan-kaɗan yadda ba zai ji ba. Ina rubutawa ina ce wa kaina ai gyara ne, ɗan abin da ake damƙa a zuba a kan tiya, haka Baba ya koya muna. Abin da ban so in tuna ba shi ne Baba a gaban idon mai saye yake zuba gyaransa, mai saye ya gani ya ce madalla, ko ya ce bar shi. Ni ban ba Hamidu damar cewa bar shi ba, don na san zai faɗa.

Cikin sati biyu Hamidu ya fara ci. Cikin wata guda ba mai son haɗuwa da shi a lungu. Kuma ku ji abin da ya fi damuna har yau: gidan ya gyaru. Ya fitar da hannun daga aljihu. Ya dawo kwano ɗaya da mu, ya maƙale cokali tsakanin yatsun nan biyu yana ci yana surutu. A masallaci ya miƙa hannun yadda yake. Ya fara zuwa rumfar dillalan albasa yana neman abin yi. Inna ta kira ni ɗakinta ta dafa kaina, ni da furfura ta fara fito min, ta ce Allah ya yi min albarka, ashe karatun yana da amfani. Na sunkuyar da kai na ce amin. Na ji daɗin albarkar nan, ba zan ɓoye muku ba.

Sai anka shirya babbar karawa tsakanin Malanville da Gaya wata Lahadi. Shagon ya cika har waje, masu dako sunka ajiye buhuna sunka leƙo ta taga. A zagayen ƙarshe mutanenmu huɗu sunka faɗi, ya rage Hamidu shi kaɗai da mutum uku a gabansa. Ya ɗauke biyu, ya rage Musa. Sunka yi ta zagaye, sai ga Musa ya faɗi. An ɗaga Hamidu sama a kafaɗa, shi kuma ya ɗaga hannun nan mai yatsu biyu yana ihu, "Da wanga! Da wanga na ci ku!" Ranar Talata ya zo ya kunna, sai wani jan rubutu ya cika gilashin injin. Mai gadin da na ɗauka na kayar ashe kallo yake yi yana tarawa. An rufe sunan Hamidu har abada saboda tirish, an kuma soke nasarar Lahadi.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Musa ya ƙetaro gada da mutanensa. Anka taru a inuwar gaban shagon, har da dattawan rumfunan da ba su san komai game da wasan ba. Musa bai ɗaga murya ba.

"Hamidu, ni tela ne. Na san ɗinkin hannu, na san na keke. Harbin ga naka ba ya karkata ko sau ɗaya. Ba na hannu ba ne."

Hamidu ya ce, "Kai ka ji labarin akwatin tun ranar farko! Yatsu ukku ne, ba ƙari." Sai ya juyo wurina, fuskarsa a sake, ko kaɗan ba ya shakka. "Yaya, kai ka haɗa shi. Hwaɗa musu."

Duk idanu sunka dawo kaina. Sai na ji harshena yana magana. Na ce mai gadin ne ya yi kuskure, ya ga akwatin ya ɗauka magudi ne, irin haka na faruwa. Na yi ta jero kalmomin Faransanci da na san ba mai iya musa min. Musa ya girgiza kai, ya dubi Hamidu ya ce, "Kana iya rantsewa?" Dattawa sunka ce haba, a kan wasa? Hamidu bai saurare su ba. Ya ɗauki buta ya yi alwala a gaban kowa, ya ce a kawo Alƙur'ani. Nawa ne a kan kanta, wanda nake karantawa da safe kafin in buɗe shago. Ni na shiga na ɗauko shi. Daga kanta zuwa ƙofa taku shida ne, kuma a kowane taku zan iya tsayawa in ce a dakata. Ban tsaya ba. Na miƙa masa, ya ɗora hannun nan a kai, ya rantse cewa ba a ƙara masa komai ba face yatsun da ya rasa.

Dattawa sunka juya kan Musa. Sunka ce ya yi wa mai lalura ƙazafi, abokinsa kuma, saboda an cinye shi a wasa. Sai da ya durƙusa ya ba da haƙuri. Mutanen Gaya da kansu sunka cire shi daga cikinsu, 'yan wannan ɓangaren da ke kai masa ɗinki sunka daina. Ni kuwa na ci gaba da buɗe shago da safe ina ɗauko Alƙur'anin nan, sai in kasa buɗe shi in mayar. Wata biyu ina haka. Abinci ya daina min daɗi, matata ta ɗauka shawara ce ta kama ni, ta yi ta dafa min saiwoyi.

Wata safiya ina shara Hamidu ya shigo da hoto a hannu. Ya je wurin mai hoto an ɗauki hannunsa a buɗe a kan farin ƙyalle, hannun da ya shekara yana ɓoyewa.

"Yaya, ka rubuta ma mutanen kamfanin wasan da Faransanci mai kyau. Ka sa hoton ga. Ka ce musu na rantse da Littafi gaban jama'a. Mutane ne su ma, za su gane."

Na ajiye tsintsiya. Na kasa dubansa, hoton na duba, na faɗa masa duka: layi bakwai, ranar da na saka su, abin da suke yi. Na jira ya zage ni ko ya mare ni, da ya yi da na ji sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Da ya buɗe baki muryarsa ƙasa-ƙasa ce.

"Ranar Lahadin nan. Da na zagaya ta bayan Musa, na jira shi, na san inda zai ɓullo. Ni na yi wannan tunanin. To harbin hwa? Ni ne ko kai?"

Na ce, "Ban sani ba, Hamidu."

Gaskiyar ke nan, ban sani ba. Mai yiwuwa da ya ci ko ba layukana, don ya yi ta ƙoƙari wata da watanni, hannun ya saba. Amma na cakuɗa nawa da nasa yadda ba mai iya raba su har abada. Ya gyaɗa kai, ya sa hoton a aljihu ya fita. Na bi shi na ce in kai shi inda za shi a kan moto, babur ɗina, ya ce a'a. Da ƙafa ya ƙetare gada zuwa Gaya cikin rana.

Musa ne ya ba ni labarin abin da ya faru a can, bayan shekaru. Hamidu ya tsaya a ƙofar shagonsa, gaban masu jiran ɗinki, ya ce shi ya yi tirish, shi ya sa anka ƙara masa abu a akwatin yana sane, ya kuma rantse a kan ƙarya. Ya durƙusa kamar yadda anka sa Musa ya durƙusa. Da la'asar ya maimaita haka a inuwar gaban shagona, ina ciki ina ji. Bai ambaci sunana ba sai cewa da ya yi ya yaudare ni na haɗa masa. Daga ranar sunan Otomatik ya bi shi, wai mutumin da inji ke yi wa harbi. An daina karɓar shaidarsa a kasuwa, in ya ce wallahi a kan farashin albasa sai a yi murmushi. Inna ta yi kwana bakwai ba ta amsa gaisuwarsa ba, ni kuma tana ta ba ni haƙuri a kan abin da ƙanena ya jawo min.

Na same shi a bakin kogi na ce zan fita in faɗa wa kowa. Na ɗauka don shagon ya rufa min asiri, tunda shi ke ciyar da gida biyu, na ce masa shago ya ƙone in ya so.

"Ba don kai na yi ba, Yaya, kar ka ɗauka ma kanka. In anka ce Hamidu ɓarawo ne, to namiji ne ya yi sata. In anka ji kai ne, sai a ce wayyo, yayanshi ya ji tausayinshi ya danne mishi bindiga shina murna. Wanga ba zan iya ɗauka ba. In kana son ka yi min wani abu, ka yi shiru."

Na yi shiru. Kuma kada ku ɗauka biyayya ce kawai, shirun ya yi min daɗi, ya bar min mutuncina. Hamidu bai sake taɓa wasan ba. Bai ƙaurace min ba, kun gani da idonku, kwano ɗaya munka ci gaba da ci har ƙarshen ransa, yana muku wasa yana saya muku alawa. Amma tun daga ranar bai sake roƙona komai ba. Ko gishiri ne a gefena, sai ya tashi ya zagayo ya ɗauka da kansa.

Na san da wannan rubutu na sake yi masa abin da bai nema ba, na tona abin da ya zaɓi ya rufe. Na daɗe ina juya maganar. Amma ɗiyansa suna tafiya a garin nan a matsayin ɗiyan mutumin da ya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya, kuma wannan ba zan kai shi kabari ba. Ku ɗiyan Hamidu, rantsuwar ubanku gaskiya ce a iyakar saninsa. Ƙaryar da ya taɓa yi guda ɗaya ce, ita ce wadda ya yi wa kansa. Safiya, ki kwafi wannan ki kai wa Musa a Gaya, yana nan a shagonsa, idonsa ya yi rauni sai ki karanta masa. Akwatin yana cikin aljihun teburina na ƙasa, a naɗe cikin hoton da matar Hamidu ta ba ni bayan rasuwarsa. In wani ya sake cewa Otomatik a gabanku, ku ce masa sunansa Hamidu. Wanda ya yi tirish ɗin yana nan da rai, da yatsunsa goma cif, da su ya rubuta muku wannan.